A Tuna Da Mai Keke Tun Siminti Bai Bushe Ba

 

Duk wadda ke zaune cikin ganuwa, tun daga Ƙofar Mata har Goron Dutse, ta san abin da a ke yi a gidajenmu in an kwana ana ruwa, Jakara ta cika, lambatu ya tumbatsa ya shigo soro. Gari na wayewa maigida zai aika a kira magini a ƙara bulo ɗaya a dokin ƙofa. Baɗi in ruwa ya sake ƙetarewa a sake ƙara wani. Ba mai ganin laifinsa, gidansa ya ke karewa. Amma fa har yau ban taɓa jin an tsai da magini an tambaye shi yadda tsohuwar da ke cikin gidan za ta ƙetare wannan dokin ƙofa ba. An hana ruwa shigowa, an kuma hana ta fita, ba tare da kowa ya nufa ba.

Wannan hali namu na gyara bayan ɓarnar hadari shi na ke so mu duba yau, amma a wani wuri da ya fi soronmu girma, watau filin jirgin sama.

Kada wata ta ce ina ruwan matar cikin gari da filin jirgi. Ai mu Kanawa mu ne bai kamata mu faɗi haka ba. A garin nan jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, cikin watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar. A 1936 aka fara jigilar yau da kullum. Filin kuma yana ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, malamin makaranta da ya ƙare rayuwarsa kan cewa talaka da mace mutane ne. Ban da wannan, wace unguwa ce ba ta raka maniyyaci sansanin alhazai kowace shekara? Su wa ke tafiya? Da yawansu iyayenmu ne da kakanninmu, waɗanda suka shekara ashirin suna tari, kuɗin bai cika ba sai da gwiwa ta gaji. Ga masu Umara, ga masu fita neman magani Masar ko Indiya. Mu mata kuwa mu ne 'yan rakiya, mu ne masu riƙe jaka da buta.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu ke nan na raka Gwaggo, yayar babana, ganin likita a wani gari mai nisa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ba ta iya zaman mota na yini guda, don haka yayyena suka haɗa kuɗin jirgi. A wani filin jirgi da muka bi, sai muka tarar iska ta yaye kwanon wani sashe na ɗakin jira makonni kafin zuwanmu, an killace shi ana aiki. Aka juya fasinjoji ta wata ƙofar gefe. Kafin ƙofar akwai kwata da aka ɗora wa katako biyu, bayan katakon matakala uku, sa'an nan rumfa. Mai ƙafa lafiya bai ma lura ba, taku biyar ya wuce. Mu kuwa nan muka tsaya. Keken da aka kawo mana ba shi da wurin ɗora ƙafa, tayarsa kuma ta fi ƙarfin faɗin katakon. Daga ƙarshe maza huɗu suka ciccibe ta da keken, a gaban jama'a, zaninta na zamewa ina bi ina gyarawa. Haka aka sake yi a matakalar jirgi.

Ba zan ci amanar mutanen nan ba, sun yi da ladabi, ɗayansu har yana ce mata, "Sannu Hajiya, ki yi haƙuri, gyara mu ke." Amma Gwaggo mace ce da ta shekara arba'in da biyar a gidan miji ba namijin da ba muharraminta ba da ya taɓa ko hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba sai da jirgi ya tashi. Ita Uwata ta ke ce mini, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Ta ce, "Uwata, da na san haka ne da na haƙura da maganin." Sai a nan na gane tun asuba ba ta sa ruwa a bakinta ba, don na riga na gaya mata banɗakin wucin gadi da aka ajiye yana kan dakali, ƙofarsa kuma ba ta cin keke. Mai hawan jini, ta yini da ƙishirwa saboda kunya.

Kalmar da na yi ta ji a ranar ita ce wucin gadi. Ƙofa ta wucin gadi, rumfa ta wucin gadi, banɗaki na wucin gadi. A ganina cikin wannan kalma matsalar ta ɓuya. Da zarar an ce abu na wucin gadi ne, sai kowa ya ga ba laifi a yi shi yadda ya samu, tun da gobe za a cire. To, amma yaushe ce goben?

Ku ji misali daga nesa. Akwai wani tsibiri a tekun Karibiyan, Sint Martin, wanda rabinsa ke ƙarƙashin masarautar Holan. A farkon watan Satumba na 2017 mahaukaciyar guguwa da aka sa wa suna Irma ta faɗa masa, ta yaye rufin filin jirginsu na Gimbiya Juliana, ruwa ya shiga ya lalata cikin ginin. Bayan kamar wata guda jiragen fasinja suka dawo, aka riƙa karɓar mutane cikin tantuna. Daga baya aka koma wani ɗan sashe na ginin da aka lallaɓa. Ba a kammala aikin duka ba sai watan Nuwamba na 2024. Ku lissafa, 'yan makaranta. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a shekarar guguwar ta gama aji shida ba a gama gyaran ba. Wannan fa ƙasa ce da ke cin abinci da baƙi masu yawon shaƙatawa, ba ta da abin da ya fi filin jirgin nan muhimmanci.

Mu ma a gida mun gani, ko da ba iska ce sanadi ba. A Fatakwal an daɗe ana karɓar masu sauka cikin tanti, har abin ya zama abin magana a duniya a 2015. A 2017 aka rufe filin jirgin Abuja mako shida, daga 8 ga Maris, domin gyaran titin saukar jirage, aka mai da kowa Kaduna, daga can a hau bas ko jirgin ƙasa tafiyar kimanin kilomita 190. A 2025 kuma Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da kashe wajen naira biliyan 712 domin sake gina tsohon ɓangaren jiragen ƙasashen waje na filin Murtala Muhammed a Legas. Aiki irin wannan ba a yin sa a wata biyu, fasinjoji kuwa ba za su daina tafiya don ana gini ba. Watau matafiyi a ƙasar nan ya fi kusa da ya tarar da ana gyara a kan ya tarar an gama. In aka ce mai keke ya jira a gama, an ce masa ke nan ya zauna gida.

Ya kamata mu san abin da ke fara lalacewa in hadari ya taɓa filin jirgi, domin kusan duk abubuwan da naƙasasshe ya dogara da su ne. Ruwa ya shiga wayoyin lantarki, na'urar hawa bene ta tsaya. Gadar nan da ke manne da gini, wadda a ke bi a shiga jirgi ba hawa ba sauka, ita ma da lantarki ta ke aiki, kuma a saman bene ta ke, don haka da an rufe sama an rasa ta. Sai a koma bas da matakalar ƙarfe. Akwai mota ta musamman mai akwati a baya, wadda ke ɗaga majiyyaci da kekensa har bakin ƙofar jirgi, amma in babu ita, ko ta lalace, sai kafaɗar mutane. Makaho da ya haddace hanya, ya san taku nawa ne daga ƙofa zuwa wurin auna kaya, rana ɗaya sai ya tarar an gitta masa igiya da buhunan siminti. Kurma kuwa allon sanarwa ne kunnensa. In allo ya mutu aka koma wani ma'aikaci ya tsaya bakin rumfa yana ɗaga murya, jirginsa zai tashi yana zaune yana kallo. Na ga wannan da idona a ranar, wani saurayi sai da maƙwabcinsa ya duba tikitinsa ya ja hannunsa.

Na san yanzu an fi son a ce masu buƙata ta musamman, kuma ban ƙi ba. Na riƙe tsofaffin sunayen ne a nan don buƙatar gurgu daban, ta makaho daban, ta kurma daban, in aka haɗa su cikin kalma guda sai ɗan kwangila ya zuba gangara ɗaya ya ce ya sallami kowa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan magana ta wuce roƙo, doka ce. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuwa ya cika tun Janairu na 2024. Ta ambaci jiragen sama da sunansu: kamfani ya tanadi keke mai aiki, mai kyan gani, ya taimaki naƙasasshe ya hau ya sauka cikin aminci, a kuma fara da shi. Ta ce kafin a ɗora ginin jama'a sai an duba zanensa, jami'in da ya sa hannu kan zanen da ya saɓa ƙa'ida zai iya shan tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2. Har ta ce a lokacin bala'i da halin gaggawa hukuma ta kula da naƙasassu kulawa ta musamman. Ke nan lokacin da iska ta yi ɓarna nauyin ƙaruwa ya ke, ba raguwa ba. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Kuma in an yi magana a kan ji. A watan Maris na 2024 wani gidan abinci a filin jirgin Legas ya hana wani mai keke zama, ya fito ya faɗa wa duniya, Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama, watau FAAN, ta rufe wurin. Shi ya san inda zai kai kuka. Gwaggo mayafi ta ja.

To, na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a gida. Yayana ya ce, "Malama, ke ma dai. Rufi ya tafi, mutum dubu na jira, sai a tsaya auna gangara saboda mutum biyu?" Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. A kwana uku na farko, ruwa na zuba, gilashi a ƙasa, ba mai hankalin da zai nemi komai ya cika. A ɗauki mutum a kafaɗa a ranar ba abin kunya ba ne, ceto ne. Amma mu mun je ne bayan makonni. An sami lokacin kafa rumfa, da jawo wutar lantarki, da ajiye teburin mai sai da lemo. Kafintan da ya buga katako biyu kan kwata, da an ce masa ya buga biyar ya haɗe su, da ya yi kafin azahar.

Batun mutum biyu kuma, ban yarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana da wata naƙasa mai tsanani. Mu a Kano ba sai an kawo mana lissafi daga Janeba ba. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a jihar nan, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta yi ɓarna a waɗannan shekaru. An gode Allah a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta, amma yaran da ta riga ta taɓa suna nan, ƙannenmu ne, sun haura ashirin, wasu na jami'a, wasu na kasuwa, wasu ma su ke ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Ku je bakin Asibitin Ƙashi na Dala da safe ku ƙirga masu sanda. Ku ƙara da tsofaffi, da mai tsohon ciki, da mai goyo da yaro a hannu. In ba a ganin su da yawa a filin jirgi, a tambaya ko nawa ne suka yi irin ta Gwaggo suka ce sun haƙura.

Wata ƙawata kuma cewa ta yi ai mu Hausawa ba ma barin namu a ƙasa, kullum akwai mai ɗauka. Haka ne, kuma ina alfahari da wannan. Sai dai mai ɗauka ne ke jin daɗin ladan, ba a cika tambayar wanda aka ɗauka ba. Mu mata mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a taɓa jikinki ba da sonki ba don kawai ba yadda za ki yi. Ga kuma hatsari: matakalar jirgi tsaye ta ke, in ƙafar mutum ɗaya ta zame, biyar ne za su gangaro.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce hujjar ƙarshe ta kowane ofis. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa in aka sa waɗannan abubuwa tun a zane, ƙarin kuɗin bai wuce wajen naira 1 cikin 100 na kuɗin ginin ba. Tsadar tana zuwa ne in an gama, an shafe, an yi fenti, sa'an nan a dawo da guduma. Shi ya sa na ke ganin ɓarnar hadari, duk da zafinta, tana zuwa da wata dama. Bango ya riga ya faɗi, ba wanda zai ce ana asarar rushe shi. Ƙofar da aka yi ƙunci shekara talatin da suka wuce, yau ga ta a ƙasa, ga magini, ga siminti a kwaɓe. In aka mai da ita yadda ta ke, sai kuma wata talatin. Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa: faɗin ƙofa ya kai kamar ƙafa 3, gangara kuwa duk tsayin ƙafa 1 a ba ta tsawon ƙafa 12, da ƙarfen riƙewa a gefe. Abin da muke gani a bakin wasu bankuna da ofisoshi, wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau, wannan ba gangara ba ce, cika umarni ne.

Kafin hukuma ta yi nata, ga abin da na koya da wuya, ko zai amfani wadda za ta raka wani nata. Ki faɗa tun ranar sayen tikiti, kada ki bari sai a filin, aƙalla dai awa 48 kafin tashi. Kamfanonin jirage sun kasa masu neman keke gida uku, kuma kowane da alamarsa a takarda. WCHR shi ne wanda ba ya iya doguwar tafiya amma yana hawa matakala. WCHS ba ya hawa matakala. WCHC ba ya iya takawa sam, sai an kai shi har kujera. Ni ban san wannan ba, na ce wa wakili keke kawai, shi kuma ya rubuta na farko, don haka ba wanda ya shirya mana komai. Ki sa a nuna miki alamar da idonki. Ki tambaya ko ana gyara a filin, ta wace ƙofa a ke shiga, ko motar ɗaga majiyyaci tana aiki. Ki nemi mace cikin masu taimako, ba rashin kunya ba ne. In an yi muku ba daidai ba, ki rubuta rana da lokaci da lambar jirgi, ki kai wa sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA a rubuce. Maniyyata kuma a gaya wa jami'in alhazai na ƙaramar hukuma tun lokacin bita.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida. A makarantar da na ke koyarwa iska ta ɗauke rufin aji biyu bara, aka gyara, aka kuma ɗaga dakalin baranda don ruwa. Ina da ɗaliba mai sanduna biyu wadda a da ita ke shiga da kanta, yanzu sai ƙawayenta sun kama ta. Ina nan ina kallo aka zuba simintin, ban ce uffan ba, don ban yi tunani ba sai da ya bushe. Wannan laifina ne. Ku ɗauki rula ku auna dakalin ajinku da faɗin ƙofar banɗaki, ku lissafa tsawon gangarar da za ta dace, ku rubuta wa shugabar makaranta da kwamitin iyaye da sa hannunku duka. Nawa ɗaliban sun auna, inci 14 ne, watau gangara ƙafa 14 mu ke nema, takardarmu kuma tana gaban kwamiti.

Gwaggo kuwa, ɗanta na ƙasar waje ya aiko zai biya mata Umara cikin azumi mai zuwa. Tana so ƙwarai, ta ji labarin yadda a ke tura tsofaffi a keke su yi ɗawafi da sa'ayi ba mai ɗaga su. Amma ta ce ba za ta amsa ba sai na je da ƙafata na gano mata yadda za ta shiga jirgin. Ranar Asabar zan tafi, da rula a jaka. Abin da na gano zan kawo muku a wannan fili in Allah Ya kai mu.